Baƙo da Masaukinsa: Daga Suleja Zuwa Sitokholm

Duk ɗalibin da ya zauna ya yi nazarin kalmomin Hausa da suka shafi tafiya zai tarar da cewa Bahaushe ya daɗe yana tunanin inda baƙo zai kwana. Daga aikatau ɗin nan "sauka" aka samu masauki, da mai masauki, da saukar baƙi. Ga kuma zango, wato inda ayarin fatake ke yada kaya su huta, da fatoma, mutumin da ke ba matafiya wurin kwana, ya ajiye musu kaya, wani lokaci ma ya haɗa su da masu saye. Har yau idan mutum ya dawo daga wata tafiya, tambayar da dattawa kan fara yi masa ita ce, "Wajen wa ka sauka?" Su a wurinsu masauki mutum ne kafin ya zama ɗaki. Wannan tambaya ce nake son in ɗora wannan ɗan rubutu a kanta, domin na taɓa samun kaina a halin da dole in amsa ta tun kafin in bar gida, kuma amsar da na bayar ita ce ta yanke mini irin birnin da na gani da irin harsunan da na ji.

A watan Yuni na shekarar 2019 na samu gayyata zuwa wani ɗan taro na kwana biyar a kan koyar da harsunan Afirka, a Sitokholm, babban birnin ƙasar Suwidin. A lokacin ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a garinmu Suleja, ina kuma karatun digiri na biyu. Masu taron sun biya kuɗin jirgi, sannan suka ware wa kowane mahalarci kurona 6,000 na masauki da abinci, suka ce kowa ya nemi inda ya ga dama, abin da ya rage nasa ne. A wancan lokaci kurona ɗaya tana wajen naira 38. Wato dai an danƙa mini fiye da naira dubu ɗari biyu, a shekarar da aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 30,000. Ga kuɗin rajistar makaranta yana jirana, ga ƙanwata za ta zauna jarrabawar kammala sakandare. Mai karatu zai ga cewa maganar masauki ba ta jin daɗi kaɗai ba ce a wurina. Bugu da ƙari, ba a ba da bizar Shengen sai an nuna takardar inda mutum zai kwana, tare da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Saboda haka babu halin in ce sai na isa in duba.

Abin da Suleja ta koya mini

Mutumin Suleja ba baƙo ba ne ga wannan lissafi na zama kusa da babban birni. Garinmu shi ne Abuja ta asali. Bayan da masu jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a shekarar 1828, aka kira shi da sunansa. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai sabon birni ya ɗauki sunan Abuja, tsohon gari kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. A watan Disamba na 1991 gwamnati ta tare a Abuja. Tun daga lokacin, musamman bayan rushe-rushen da aka yi a birnin tsakanin 2003 da 2007, Suleja da Madalla da Zuba suka zama ɗakin kwanan Abuja. Masinja da direba da mai gadi da ƙaramin ma'aikaci, kai har da manya, suna fita tun kafin gari ya waye, su wuce ta gindin Dutsen Zuma, su yini a Wuse ko Garki, su dawo bayan isha'i a gajiye. Kuɗin hayar da zai ba ka ɗaki ɗaya a cikin birni yakan ba ka gida a Kwamba ko Maje.

Na taso ina ganin wannan, don haka na san abu biyu. Na farko, kowane babban birni yana da bayan gidansa, inda masu yi masa aiki ke kwana. Na biyu, arahar bayan gari tana da farashi, kuma da lokaci ake biyansa. Da na buɗe taswirar Sitokholm a kwamfuta, abin da na fara nema ke nan: ina ne Maitamarsu, ina ne kuma Sulejarsu?

Zaɓi uku

Sitokholm birni ne da aka gina a kan tsibirai 14, inda tafkin Malaren ya haɗu da tekun Baltik. Sunan ma daga kalmomi biyu ya fito, "stock" wato gungumen itace, da "holme" wato ɗan tsibiri. An fara ganin sunan a rubuce a shekarar 1252. Tsohon gari, wanda suke kira Gamla Stan, yana kan ɗan tsibiri a tsakiya, nan fadar sarki take, da lunguna masu ƙunci, har akwai wanda faɗinsa bai wuce santimita 90 ba. Arewa da shi kaɗan akwai babbar tashar jiragen ƙasa da manyan kantuna da otal-otal.

Zaɓi na farko shi ne otal a wannan yanki. Mafi sauƙin da na gani mai ɗan kyau yana neman kurona 1,300 a kwana, wato kusan naira dubu hamsin. Kwana shida ya tashi kurona 7,800, ya zarce duk abin da aka ba ni, ban ci ko loma ɗaya ba. Wannan ya fita daga lissafi tun da wuri.

Zaɓi na biyu shi ne abin da suke kira "vandrarhem". Idan aka fassara kalmar gaɓa-gaɓa, ma'anarta gidan masu tafiya a ƙasa, wanda in da Bahaushe ne zai raɗa masa suna, zango zai ce. Gida ne na matafiya masu ƙaramin ƙarfi, ana haɗa mutum huɗu ko shida ko fiye a ɗaki ɗaya, gado a kan gado, banɗaki da kicin na kowa da kowa. Biyu daga cikinsu sun ja hankalina. Ɗaya yana tsibirin Longholmen, a cikin tsohon gidan yari da aka rufe a 1975, aka mayar da ɗakunan fursunoni wurin kwanan baƙi. Ɗayan kuma tsohon jirgin ruwa ne mai filafilai, mai suna af Chapman, da aka ɗaure a gaɓar wani tsibiri daura da fadar sarki, aka fara saukar matafiya a cikinsa tun 1949. A wancan lokaci gado ɗaya a irin waɗannan wurare yana kamawa wajen kurona 300 a kwana. Kuɗin ya yi daidai, wurin yana tsakiyar gari, kuma yawancin abokan taro matasa can suka nufa.

Da na yi wa mahaifiyata bayani, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Kai yaron nan, ka bar gidan ubanka ka tafi ƙasar Turawa ka biya kuɗi a kulle ka a kurkuku? In an tambaye ni ina ka sauka in ce me?" Muka yi dariya, amma ni ma ina da abin da ya tsaya mini. Wasu ɗakunan maza da mata ake haɗawa. Ko na samu na maza zalla, sai na yi tunanin yadda zan tashi cikin dare in yi alwala in shimfiɗa darduma tsakanin gadajen mutum biyar da ke barci, da kuma yadda zan yi da tukwanen da kowa ke dafa abin da ya ga dama a ciki.

Zaɓi na uku bai fito daga intanet ba. Kawuna yana sayar da atamfa a kasuwar IBB ta Suleja, kuma yana da abokin ciniki a Kumasi ta ƙasar Gana. Shi wannan aboki yana da wa, haifaffen zangon Kumasi, wanda ya shafe shekaru kusan talatin a Suwidin yana tuƙin motar haya, yana zaune da iyalinsa a wata unguwa da ake kira Rinkebi. Waya uku kawai aka buga. A ta ukun na ji muryar dattijo yana cewa, "Ɗana, ɗaki na nan. Ka zo kawai. In za ka iya, ka riƙo mana kuka da daddawa."

Da na bincika sunan unguwar sai gabana ya ɗan faɗi. Rinkebi tana cikin unguwannin da 'yan sandan Suwidin suka sa a jerin wurare masu matsalar tsaro tun 2015. A watan Mayu na 2013 an yi tarzoma a Husbi, maƙwabciyarta, aka ƙona motoci, a Fabrairun 2017 kuma aka yi wata a Rinkebin kanta. Wani abokin aikina ya ce in rufa wa kaina asiri. To amma ni ɗan Suleja ne. Na san yadda sunan Madalla da Suleja ya shiga jaridun duniya a 2011 saboda hare-haren bama-bamai, na kuma san cewa a wannan shekarar mutane sun ci gaba da aure da suna da cin kasuwa a garin. Labarin da ake bayarwa a kan wuri daga nesa gaskiya ne, amma guntu ne. Na auna abu huɗu: kuɗi, da salla da abinci, da nisa, da tsaro. Uku sun rinjayi ɗaya, nisan kuma taswira ta nuna bai wuce kilomita goma ba. Na zaɓi Rinkebi. Baba Alhaji, kamar yadda na riƙa kiransa, ya cike takardar gayyata ya aiko, aka haɗa da sauran takardun biza.

Hanya da unguwa

Babu jirgin da ke tashi daga Abuja kai-tsaye zuwa Sitokholm, sai da muka yada zango a Istanbul. Kilishin da aka so in tafi da shi na bar shi a gida, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji su suka cika rabin jakata. Filin jirgin sama na Arlanda yana wajen kilomita 40 arewa da birni. Akwai jirgin ƙasa mai gudu da ke kai mutum cikin minti ashirin, akwai kuma bas da ke ɗaukar kamar minti arba'in da biyar a kan kuɗin da bai kai rabin na jirgin ba. Na hau bas. A babbar tasha na sayi tikitin mako guda, wanda da shi ake hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas duka, ko'ina a cikin birni da kewayensa, ba ƙarin ko sisi. Da katin banki na biya, don a ƙasar nan wurare da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira "tunnelbana", ya fara aiki a 1950, yana da layi uku: kore da ja da shuɗi. Shuɗin, wanda aka buɗe a 1975, shi ke zuwa Rinkebi da Tensta. An haƙa tashoshinsa a cikin dutse, aka bar dutsen yadda yake aka yi masa fenti da zane-zane, sai ka ga kamar kana cikin kogo. Daga tsakiyar gari zuwa Rinkebi bai kai minti ashirin ba. Na duba agogo na yi shiru. A irin wannan lokaci, wanda ya taso daga Suleja da safiyar Litinin bai wuce Zuba ba.

Tarihin unguwar yana da ban sha'awa. Tsakanin 1965 da 1974 gwamnatin Suwidin ta ƙuduri aniyar gina gidaje miliyan ɗaya cikin shekara goma don magance ƙarancin muhalli, ta kuwa gina. Rinkebi da Tensta da Husbi duk 'ya'yan wannan shiri ne: dogayen benaye iri ɗaya, da fili a tsakiya, da makaranta, da hanyoyin ƙafa da aka raba da na mota. Da tafiya ta yi tafiya, 'yan ƙasa masu hali suka riƙa ƙaura, baƙi suka riƙa shigowa, daga Finlan da Girka da Turkiyya, daga baya Iraƙi da Somaliya da Iritiriya da Siriya. Kusan tara cikin goma na mazauna Rinkebi ko dai a waje aka haife su, ko iyayensu baƙi ne. Baba Alhaji ya gaya mini cewa samun gidan haya a Sitokholm layi ake bi, mutum ya yi rajista ya jira shekaru, na tsakiyar gari kuwa yaro kan iya girma ana jira. Shi ya sa baƙo ke sauka inda layi ya fi gajarta, kuma inda nasa suka riga shi.

A dandalin unguwar akwai mahauta masu naman halal, da masu kayan miya, da gidajen abincin Somaliyawa inda ake ba ka shinkafa da nama a ɗora maka ayaba a gefe. Da asuba jirgin farko cike yake da masu jinya a asibiti, da masu shara, da direbobi, da masu kula da tsofaffi. Fuskokinsu na san su. Su ne fuskokin da nake gani a tashar motar Suleja da ƙarfe biyar na safe.

Rana da ba ta son faɗuwa

Suleja tana daraja ta 9 arewa da layin da ya raba duniya, Sitokholm kuwa tana daraja ta 59. A wurinmu tsawon yini ba ya sauyawa sosai, rani da damina. A can kuwa, a tsakiyar Yuni rana tana fitowa wajen ƙarfe uku da rabi na dare, ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma. Ko ta faɗi ma, duhu ba ya kankama, jan shafaƙi yana nan a gefen sama har alfijir ya keto. A watan Disamba kuma abin ya juye, yini bai fi awa shida ba. To yaushe ne isha'i a garin da shafaƙi ba ya ɓacewa? Na karanta wannan mas'ala a littafi, amma ganinta da ido daban ne. Masallatan birnin suna da jadawalin da aka yi da ƙiyasi, kuma Baba Alhaji ya manna nasa a jikin firiji. Magariba da isha'i da asuba duk sun taru cikin awa huɗu zuwa biyar. Shi ke ƙwanƙwasa mini ƙofa, mu yi jam'i a falo, mu ja labule mai kauri mu koma barci rana tana sama. Wannan kaɗai ya isa ya biya ni zaɓin da na yi.

Ranar Juma'a ya ɗauke ni zuwa babban masallacin birni da ke tsibirin Sodamalam. Ginin tsohuwar tashar wutar lantarki ce, aka gyara ta aka buɗe ta masallaci a shekarar 2000. A sahu ɗaya na ga Balarabe da Basomale da Baturke da ɗan Gambiya da Basuwide. Da aka idar, kowa ya juya ga na kusa da shi, harshen da suka gaisa da shi kuwa Suwidanci ne.

Abin da kunne ya ji

Ga ɗalibin harshe, a nan ribar take. Abu na farko da na lura da shi Hausar mai masaukina ce. Hausar zangon Gana ce, wadda masana ke kira Gananci. Ba ta bambanta jinsi kamar tamu. Zai ce, "Matana ya dafa tuwo," ko "Yarinya ya tafi makaranta." Haruffan nan masu ƙugiya ma sun yi laushi a bakinsa, "ƙ" ta koma kusa da "k", "ɗ" kusa da "d". A aji mun karanta wannan a matsayin misali a kan allo. A falon Baba Alhaji kuwa na ji shi a bakin mutumin da kakansa ya bar ƙasar Kano da jakuna zuwa Gwanja fataucin goro bai dawo ba. Shi kuma yana yi mini dariya, wai Hausata ta rediyo ce.

Abu na biyu shi ne Suwidancin unguwar. Tun shekarun 1980 masaniyar harshe Ulla-Britt Kotsinas ta yi nazarin yadda yaran baƙi ke magana, har aka san salon da sunan Suwidancin Rinkebi. Suna da nasu karin murya, suna kuma cusa kalmomin Turkanci da Larabci da sauransu. Da farko raina shi ake yi, ana cewa gurɓataccen harshe ne. Amma a 2006 Cibiyar Suwidin, wadda ke ba da kyautar Nobel ta adabi, ta shigar da biyu daga cikin kalmominsa a jerin kalmominta na daidaitaccen harshe: "guss", wato yarinya, daga Turkanci, da "keff", wato abu marar kyau. Nan take na tuna Hausar da ake yi a kasuwar Suleja tsakanin Gbagyi da Koro da Nufawa da Ibo da Yarbawa, wadda mu 'yan aji mukan yi wa kallon barikanci. Wa ya taɓa zama ya rubuta ta yadda take, kafin ya yanke mata hukunci?

Abu na uku shi ne gaisuwa. Basuwide yana kiran kowa da "du", wato kai ko ke, ko shugabansa ne, ko malaminsa, kuma da sunan yanka. Ba haka suke a da ba. A ƙarshen shekarun 1960 ne al'adar ta sauya, kuma akan danganta farkonta da wani shugaban hukumar lafiya, Bror Rexed, wanda a 1967 ya sanar da ma'aikatansa cewa zai kira kowa da "du", su ma su kira shi haka. A wurin taro wata farfesa mai furfura ta ce in riƙa kiranta da sunanta kawai. Bakina ya ƙi. Mutumin da ya taso yana cewa "ranka ya daɗe" yana durƙusawa, kwana biyar ba su isa su sauya shi ba. Haka kuma na lura suna da kalma biyu inda muke da ɗaya: "gäst" ga wanda ka gayyata, "främling" ga wanda ba ka sani ba. Mu duka baƙo muke cewa, kuma duka muna ba su ruwa. Ban ce wannan ya sa mun fi su kirki ba, amma abin nazari ne yadda harshe ke raba abin da wani harshe ya haɗa.

Abu na huɗu shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai. 'Ya'yan Baba Alhaji uku suna jin Hausa, amma da Suwidanci suke amsawa. Ƙaramar, 'yar shekara goma sha ɗaya, takan ce mini "Sannu Kawu," daga nan sai ta maƙale. A Suwidin tun 1977 doka ta ba ɗan baƙo damar koyon harshen gidansu a makarantar gwamnati, muddin ana magana da harshen a gida, an samu aƙalla yara biyar masu so, an kuma samu malami. Yaran Somaliyawa da Larabawa da Turkawa suna cin wannan gajiya. Hausa kuwa, in ji uwar gidan, ba su taɓa cika biyar ba, kuma ko sun cika, ina malami? Wata rana bayan cin tuwo sai ta ce, "Malam, tunda Allah ya kawo ka, ka ɗan zauna da ƙannenka." Kowane dare muka riƙa zama na rabin awa. Na rubuta musu baƙaƙe da wasula, muka yi ƙirga, muka yi sunayen dangi, na ba su tatsuniyar gizo da ƙoƙi. Baba Alhaji ya ƙi karɓar ko kurona ɗaya daga hannuna, har ya ɓata rai da na matsa. "Ɗana," in ji shi, "a zango ba a sayar wa ɗan'uwa tabarma." Cefane kawai ya bari na yi sau biyu. Darasin nan shi ne kuɗin hayata.

Abin da zaɓin ya ci

Ba zan ɓoye wa mai karatu cewa kowane masauki yana da abin da yake hana ka ba. Abokan taro da suka sauka a tsakiyar gari sukan fita tare da yamma, su zauna shan shayi da gahawa, abin da Suwidawa ke kira "fika", kuma a irin wannan zama ake ƙulla sanayya da jin labarin guraben karatu. Ni kuwa ƙarfe bakwai ina cikin jirgi, domin an san za a jira ni da abinci, kuma baƙo ba ya sa mai gida jira. Wanda ya sauka a otal ba ya bin kowa bayani. Wanda ya sauka gidan mutane ya shiga ƙarƙashin dokar gidan: lokacin dawowa, da cire takalmi a bakin ƙofa, da rarraba shara kashi-kashi, da yin layin ɗakin wanki na bene. Game da tsaro, ban ga komai ba cikin kwana shida, amma mai gidan da kansa ya nuna mini wani lungu ya ce kada in bi ta nan da dare, kuma na ga yadda uwar gidan ke leƙa taga idan babban ɗansu ya yi jinkiri. Matsalar tana nan, kuma su da ke zaune a wurin sun fi kowa jin ta.

Duk da haka na samu ranar Asabar na zaga tsohon gari, na ga zauren birni inda ake walimar Nobel kowace 10 ga Disamba, na tuna a wannan birni aka karrama Wole Soyinka a 1986. Na shiga gidan tarihin jirgin Vasa, wanda ya nutse a ranar da ya fara tafiya a 1628, aka tsamo shi a 1961. Duk da tikitin makon nan na je na dawo. Da na koma gida, abin da ya rage a hannuna ya biya rajistata da jarrabawar ƙanwata.

Ga 'yan'uwana ɗalibai

Wasunku za su yi irin wannan tafiya, ko zuwa Turai, ko Yamai, ko Akara, ko ma Ibadan aikin bincike. Shawarata ita ce, kafin ka duba hoton ɗaki, ka duba abu huɗu: abin da ke aljihunka, da yadda za ka yi ibadarka ka ci abincinka, da mintocin da ke tsakanin masauki da wurin aikinka, da abin da mazauna wurin suke faɗi a kan wurinsu. Sannan ka ƙara na biyar, wanda ya shafe mu musamman: wane harshe za ka ji idan ka buɗe taga? Matambayi ba ya ɓata, kuma hanyar da kakanninmu suka shimfiɗa daga zango zuwa zango tana aiki har gobe, sai dai yanzu da waya ake bin ta.

Akwai kuma aikin da ke jiranmu. A Kumasi da Jidda da Landan da Sitokholm akwai yaran Hausawa da harshen ke zame musu a hankali, iyayensu suna neman ɗan littafi mai sauƙi ko malamin da zai zauna da su rabin awa. A nan gida ma, baƙin da ke kwana a Suleja suna yini a Abuja suna ƙera wata Hausa a bakinsu da ba mu rubuta ba tukuna. Wanda ke neman batun kundin digiri, ga shi nan a tashar mota. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya saka wa masu saukar baƙi da alheri, amin.